Darasi na Tara: Rubuta Maƙalar Kimiyya da Buga Ta a Mujalla

Idan kaka ta yi, a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko a kasuwar Gumel, za ka ga ana sayar da buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira buhun PICS. A zuba wake, a matse iska, a ɗaure leda ta farko, a ɗaure ta biyu, sannan a ɗaure buhun waje. Wake ya yi watanni ba a jefa masa ƙwayar maganin ƙwari da ake kira bom ba, ƙwaro kuma bai huda shi ba. Manoma da yawa sun san amfaninsa, amma kaɗan ne suka san cewa kafin ya iso kasuwa sai da ya daɗe a hannun masu bincike. Tun ƙarshen shekarun 1980 Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa a Marwa, arewacin Kamaru, suke gwada ajiye wake a leda mai ruɓi uku. A 2007 aka fara yaɗa buhun a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A 2012 mujallar Journal of Stored Products Research ta buga maƙalu a kansa, cikin marubutan har da Dakta Ibrahim Baoua na cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, a Maraɗi. Ɗaya daga cikin maƙalun ta bayyana abin da ke kashe ƙwaron. Yana shaƙar iskar da ke cikin ledar har ta yi masa ƙaranci, sai ya daina cin waken. Shi kuwa ruwan jikinsa daga abin da ya ci yake samunsa, da taimakon wannan iskar. Ashe ƙishirwa ce ke gamawa da shi.

Maƙalar kimiyya rahoto ce ta bincike guda ɗaya, wadda aka rubuta yadda mutumin da bai taɓa ganin marubucin ba, bai ma san inda garinsu yake a taswira ba, zai iya bin sawunsa, ya maimaita aikin, ya ga ko zai sami abin da aka ce an samu. Duk dokokin da za mu gani a wannan darasi daga nan suka taso. Mai karanta maƙala ba ya cewa “tunda malam ne ya faɗa, shi ke nan”. Cewa yake yi: nuna mini yadda ka yi.

Al'adar ba sabuwa ba ce. A 1665 mujallu biyu na farko suka fito, ɗaya a Faris, ɗaya a Landan. Ta Landan ɗin, Philosophical Transactions, har yau tana fita.

Cikin masu wannan aji akwai malaman Kwalejin Ilimi ta Gumel, waɗanda ba a ƙara musu girma sai da maƙalu. Akwai malaman gona, da ma'aikatan lafiya, da masu shirin komawa karatun digiri na biyu a Dutse ko Kafin Hausa ko Kano. Neman ƙarin girma ba laifi ba ne, kowa yana da iyali. Sai dai wanda ya fara da “ina buƙatar takarda uku kafin Satumba” daban yake aiki da wanda ya fara da tambaya, kuma edita ƙwararre yakan gane bambancin tun a shafin farko.

Tambaya kafin komai

Tambayar bincike mai kyau ƙarama ce, kuma ana iya auna amsarta. “Matsalolin noma a Jihar Jigawa” ba tambaya ba ce, taken taro ne. Amma a ce: wake irin kananado da aka ajiye wata 5 a ɗakin ajiya a Gagarawa, wanne ya fi tsira daga ƙwaro, na cikin jarka, ko na buhu mai leda, ko wanda aka cuɗa da toka? Wannan tana da iyaka, tana da abin ƙirgawa, kuma malamin gona ɗaya da sikeli da littafi zai iya amsa ta.

Yankinmu ba ya rasa irin waɗannan tambayoyi. Ƙuduji da ke tsotse gero a jigawar Sule Tankarkar. Riɗi da zoɓon da ake lodawa a Maigatari, zoɓon ma har Meziko yake kaiwa. Ingancin ruwan rijiya da na burtsatse. Cututtukan da dabbobi ke shigowa da su daga tsallaken iyaka. Ajiyar wake kanta ba ƙaramar magana ba ce: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Mai bincike a Landan yana da injina, amma ba shi da kasuwar Maigatari a bayan gidansa.

Kafin ka sayi ko da tiya ɗaya ta wake, nemi abin da aka riga aka rubuta. Google Scholar kyauta ne. AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallu, da yawansu na Najeriya. A misalinmu za ka tarar Baoua da abokansa sun kwatanta hanyoyin ajiya shida tun 2012, ciki har da toka da yashi. Wannan bai kashe naka aikin ba. Ya dai nuna maka inda za ka tsaya: wataƙila irin waken da za ka gwada daban ne, ko kana son sanin abin da ke faruwa idan an sake amfani da buhun shekara ta biyu, ko idan uwargida tana buɗe shi duk mako ta ɗebi na miya.

Littafi da sikeli

A nan za mu daɗe, domin a nan mafi yawan maƙalunmu suke mutuwa, tun kafin a rubuta su. Mutane sun ɗauka Turanci ne ke sa a dawo musu da aiki. Turanci ana gyara shi a mako guda. Amma wanda bai rubuta nauyin waken ranar da ya zuba shi ba, babu editan duniya da zai iya ceton sa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sami littafi mai bango, ba warwatsattsun takardu ba. Kowane shafi da kwanan wata. Abin da ka auna, rubuta shi nan take da biro, a wurin, kada ka ce sai ka koma gida. Idan ka yi kuskure ja layi ɗaya a kai, ka rubuta daidai a gefe. Kada ka goge, kada ka yage shafi. Ɗauki hoton shafukan da waya duk ƙarshen mako. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri a ƙasar Birniwa, nan maƙwabtanmu, tun bayan farin farkon shekarun 1970, yana rubuta yadda magidanta ke fama da fari: me suka shuka, me suka girbe, wa ya tafi cin rani. Da wannan naci ya rubuta littafinsa Adapting to Drought na 1989, wanda har yau masu nazarin yankin Sahel ke kafa hujja da shi. Babu wani inji mai tsada a aikin.

Sai ma'auni. Mu da tiya da buhu muke ciniki, amma kowa ya san tiyar mai saye ba ita ce ta mai sayarwa ba, kuma akwai awo mai tozo, akwai shafaffe. An ce buhu tiya 40 ne, to wace tiyar? Mai karatu a Indiya bai san ta ba, mai karatu a Sakkwato ma tasa daban. A maƙala kilo ake rubutawa, da giram, da lita, da mita, da hekta. Idan manomi ya ce maka ya sami dami 30 na gero, ɗauki wasu daga cikin damman, a sussuke, a sheƙe, ka ɗora a sikeli, sannan ka faɗi a maƙalar yadda ka mayar da dami kilo. Haka sunaye: ƙwaron wake sunansa na kimiyya Callosobruchus maculatus, ƙudujin gero Striga hermonthica. Ana sa su domin kada a rikita su da 'yan'uwansu.

Abu uku ne ke raba gwaji da hira. Na farko abin kwatanci: dole a sami waken da ba a yi wa komai ba, a buhu na yau da kullum, in ba haka ba da me za ka gwada? Wataƙila bana ƙwaron ne bai yi yawa ba, kai kuma ka yaba wa toka. Na biyu maimaitawa. Jarka ɗaya ba ta isa shaida ba, don mai yiwuwa ita ce murfinta ya fashe. A yi huɗu-huɗu ko fiye. Na uku ƙuri'a: wane wake zai shiga wane mazubi, wane mazubi zai zauna kusa da ƙofa, wane a lungu, a rubuta lambobi a takarda a jefa a hula a zaro. Idan ka zaɓa da hannunka, zuciya za ta kai waken da ya fi kyau inda kake so ya yi nasara, ba tare da ka sani ba. Waɗannan ƙa'idoji a gona aka haife su: Ronald Fisher, wanda ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya shimfiɗa su.

Nemi masanin ƙididdiga kafin ka fara gwajin, ba bayan ka gama ba. Sashen lissafi na kwaleji bai fi taku kaɗan ba.

Sassan maƙala

Kusan duk mujallun kimiyya tsari ɗaya suke bi: take, tsakure, gabatarwa, hanyoyin bincike, sakamako, tattaunawa, manazarta. Haka ake karanta ta, amma ba haka ake rubuta ta ba. Fara da hanyoyin bincike, domin shi ne ka fi sani, kuma yana cikin littafinka.

Dubi wannan jimla: “An sayo wake a kasuwa, aka zuba a mazubai daban-daban, aka ajiye na wani lokaci, sannan aka duba.” Babu ƙarya a ciki, amma babu wanda zai iya maimaita ta. Ga yadda mai bincikenmu na misali zai gyara: “An sayo wake irin kananado kilo 160 a kasuwar Maigatari a makon farko na Nuwamba. An cuɗa shi wuri ɗaya, aka raba kilo 10 a mazubi 16: jarka 4, buhu mai leda biyu 4, wake da toka 4, buhu na yau da kullum 4. An rarraba su da ƙuri'a a ɗaki ɗaya mai rufin kwano. Bayan wata 5 an ɗebi ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da ƙasan kowane mazubi, aka ƙirga masu huji.” Ko a nan masanin da mujalla za ta ba aikin ya tantance zai tambaya: toka nawa a wake nawa? Tokar wace itace? Yaya danshin waken yake ranar zubawa? Gara ka tambayi kanka kafin ya tambaye ka.

Sakamako shi ne abin da ka gani, ba tare da sharhi ba. Jadawali ɗaya mai tsabta ya fi shafi biyu na zance, kuma abin da ke jadawali ba sai an sake jero shi a rubutu ba. A nuna wa mai karatu inda zai kalla kawai. A nan ake cin karo da alamar nan p < 0.05, wadda mutane da yawa ke liƙawa ba su san abin da take nufi ba. Ma'anarta: da a ce babu wani bambanci na gaskiya tsakanin hanyoyin, irin tazarar da aka gani, ko wadda ta fi ta, ba za ta fito bisa katari ba sai ƙasa da sau 5 cikin 100. Ba ta ce bambancin yana da girma ba, ba ta ce zai amfani manomi ba. Wannan kai za ka nuna, da kilo da naira.

Idan kuma abin da ka zata bai fito ba, rubuta haka. A ce tokar ba ta hana komai ba: wannan ma sani ne, zai hutar da wani. Wanda ya murɗa lamba don ta yi daidai da fatansa ya fita daga kimiyya, ko da ba a kama shi ba.

Tattaunawa ita ce wurin da kake da bakin magana. Me sakamakon yake nufi? Ina ya dace da na waɗanda suka gabata, ina ya saɓa, kuma me kake jin ya jawo? Faɗi raunin aikinka da bakinka: shekara ɗaya ce, ɗaki ɗaya ne, iri ɗaya ne. Kada ka gwada a Gagarawa ka yanke wa Afirka hukunci. Sannan a rage shawarar nan ta “gwamnati ta taimaka wa manoma” da ake rufe kowace takarda da ita. Gwajin jarka bai auna gwamnati ba.

Gabatarwa gajeriya ce: me aka sani, me ya rage ba a sani ba, me ka yi niyyar ganowa. Ba sai ka fara daga ma'anar noma ba. Tsakure da take su ne ƙarshen rubutawa, su ne kuma farkon karantawa, sau da yawa ma su kaɗai ake karantawa. Yawancin mujallu ba sa son tsakure ya wuce kalma 250, kuma dole a ga lambobin sakamako a ciki. Tsawo ba shi ne daraja ba. Maƙalar Watson da Crick a kan ƙirar DNA, a mujallar Nature ta 1953, da kaɗan ta wuce shafi ɗaya.

Game da manazarta, duk abin da ka ɗauko daga wani ka faɗi mai shi, kuma ka sa abin da ka karanta da idonka kawai. Kwafe sakin layin wani satar fasaha ce, kuma manhajoji irin su Turnitin suna tono ta cikin mintuna. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya taimaka maka gyara Turanci, amma an san su da ƙago sunayen maƙalun da babu su a duniya, da shekara da lambar shafi kamar gaske. Duba kowace ɗaya. Manyan mujallu ba sa karɓar manhaja a matsayin marubuciya, kuma suna so ka bayyana idan ka yi amfani da ita.

Sunan wa zai hau, kuma wa ya yarda

“Sa ni a taka, in sa ka a tawa.” Duk wanda ya zauna a ɗakin malamai ya ji wannan. Ƙa'idar da editocin mujallun likitanci na duniya suka shimfiɗa, wadda wasu fannoni da yawa suka ara, ta ce marubuci shi ne wanda ya yi aiki na gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya yarda a tuhume shi idan an sami matsala. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa. Ranar da aka gano an kwafo takardar, duk sunan da ke kanta ya shiga, har da na maigidan da aka sa don girmamawa. Shugaban sashe da ya ba da ɗaki, da mai unguwar da ya tara maka manoma, da direba, wurinsu sashen godiya. A yanke maganar jerin sunaye tun kafin a fara aiki, lokacin da babu abin faɗa tukuna.

Idan binciken ya shafi mutane, ko da tambayoyi ne kawai za ka yi wa mata masu zuwa awo, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya ko na makarantarka, kuma kafin a fara. Sai kuma yardar kowane mutum, bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya san yana da ikon cewa a'a. Mu a arewa mun san dalili. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Mujallar kirki ba ta ko duba aikin da babu lambar takardar izini.

Zaɓen mujalla

Mujallar da ta dace da kai ita ce wadda ka fi samun maƙalunta a cikin manazartarka. A kusa da mu akwai Dutse Journal of Pure and Applied Sciences ta Jami'ar Tarayya da ke Dutse, da Bayero Journal of Pure and Applied Sciences da Journal of Dryland Agriculture a Kano, da Nigerian Journal of Basic and Applied Sciences a Sakkwato. Ma'aikatan lafiya suna da Annals of African Medicine. Fara da ta gida ba ƙasƙanci ba ne. Karanta umarnin da mujallar ta rubuta wa marubuta, ka bi shi harafi da harafi: yawan kalmomi, salon manazarta, yadda ake jadawali. Kuma haramun ne a wannan sana'a a tura maƙala ɗaya wa mujallu biyu lokaci guda.

Akwai kuma 'yan damfara. Imel zai shigo maka, ana kiran ka babban farfesa alhali ko digiri na biyu ba ka gama ba, ana cewa ka turo maƙala za a buga cikin kwana 3, ka biya dala kaza. Sunan mujallar ya haɗa noma da likitanci da shari'a da injiniyanci. A 2013 wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya ƙaga maƙalar bogi a kan maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da duk mai ilimin fannin zai gani, ya sa mata sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka na ƙarya, ya tura wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Mujallar Science ce ta buga labarin. Abin takaici, mu 'yan Najeriya muna cikin waɗanda irin waɗannan mujallu suka fi ci da su, saboda matsin ƙarin girma. Kafin ka tura ko ka biya, nemi sunan mujallar a AJOL, ko DOAJ, ko Scopus, ko PubMed, kai da kanka, kada ka yarda da tambarin da suka liƙa a shafinsu. Lambar ISSN rajista ce kawai, ba shaidar inganci ba. Buɗe maƙala biyu daga cikin waɗanda suka buga ka karanta. Idan kai ma ka ga shirme, ka sami amsa.

Karɓar kuɗi shi kaɗai ba ya nuna damfara. Mujallu na gaskiya da yawa suna karɓar kuɗin bugawa don mai karatu ya samu kyauta, wasu da tsadar gaske: Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021. Wasu ba sa karɓar komai, wasu suna yafewa ko ragewa idan ka roƙa tun lokacin turawa. Malaman kwaleji da na jami'a kuma su tambayi ofishin TETFund na makarantarsu game da tallafin bincike.

A hannun masu tantancewa

Wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka a tsangaya ba ya cewa ya gama sai alarammomi sun bi shi wasali da wasali, kuma ba ya jin haushin wanda ya nuna masa inda ya zame. Haka tantancewa take. Edita zai fara dubawa. Idan aikin bai shafi mujallarsa ba, ko bai bi umarni ba, zai dawo da shi cikin kwanaki. Idan ya wuce nan sai ya tura wa masana biyu ko uku na fannin. Galibi ba za ka san su ba, a wasu mujallun su ma ba za su san ka ba, kuma yawanci ba a biyan su ko sisi. Ana ɗaukar makonni, sau da yawa watanni. Idan wata 3 ya wuce shiru, aika gajeren imel na ladabi da lambar maƙalarka.

Amsa takan zo da ɗayan huɗu: an karɓa, ƙaramin gyara, babban gyara, ko an ƙi. Karɓa kai tsaye da wuya take faruwa, ko ga manyan farfesoshi. Babban gyara kuwa labari ne mai daɗi, ko da yake ranar da ka buɗe shi ba zai yi kama da haka ba: shafi uku na suka, wani ma da gatse. Rufe kwamfutar, ka kwana biyu. Sannan ka ɗauki maganganun ɗaya bayan ɗaya, ka kwafe kowace, ka rubuta amsa a ƙarƙashinta: an gyara, duba shafi na 6, layi na 12. Inda ba ka yarda ba kana da ikon faɗa, da hujja da ladabi. Idan mai tantancewa ya ce me ya sa ba ka yi amfani da ɗaki mai na'urar sanyaya ba, ka bayyana masa cewa manufar ita ce a gwada a irin ɗakin da manomi ke ajiya, ka ba shi zafin ɗakin da ka riƙa aunawa. Idan kuma bai fahimci wata jimla ba, kada ka ce bai iya karatu ba. Sake rubuta ta.

In an ƙi, ba a kanka farau ba. Nature tana mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake tura mata. Yi amfani da sukar ka gyara, ka tura wata mujallar. Kada ka tura ta yadda take, domin masana fanni ɗaya ba su da yawa, tana iya sake faɗawa hannun mutumin farko.

Bayan an karɓa za a turo maka kwafin ƙarshe ka duba cikin kwana biyu ko uku. Bi lambobin jadawali da littafinka a gefe, ka duba rubutun sunanka. Mu da muke Muhammad yau, Mohammed gobe, wani lokaci da sunan gari wani lokaci babu, sai aikin mutum ɗaya ya rabu gida uku. Zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kai, ka yi rajistar ORCID, lamba ce mai gurbi 16 da ake bayarwa kyauta tun 2012. Maƙalar kuma za ta sami lambar DOI wadda ake nemo ta da ita a intanet.

Saura manoman da suka ba ka lokacinsu. Maƙalar da Turanci ta fito, su kuwa ba za su gan ta ba. Rubuta shafi ɗaya da Hausa, ka mayar da kilon tiya, ka kai wa ƙungiyarsu ko majalisar ƙofar mai gari, ko ka nemi fili a rediyo.

Aikin gida

Kowa ya zo aji na gaba da tambayar bincike ɗaya daga wurin aikinsa ko unguwarsu, a jimla ɗaya, tare da abin da zai auna, da ma'aunin da zai yi amfani da shi, da abin da zai kwatanta da shi. Sannan ku kasu uku-uku, kowace ƙungiya ta sauko da maƙala ɗaya daga AJOL a kan wake ko gero ko riɗi ko ruwan sha. Ku karanta sashen hanyoyin bincike kawai, ku rubuta duk abin da za ku buƙaci ku tambayi marubucin kafin ku iya maimaita aikinsa a Gumel.